Yaɓe a Gidan Dutse

Muntari mutum ne da zama ba ya karɓarsa. Ya yi Legas, ya yi Jidda, ya yi New York, ko'ina ya sauka jakarsa tana bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Da ya zo Greensboro a 1991 ma, ɗaki uku ya canza a High Point Road cikin wata tara. Abin da ya ɗan zaunar da shi wani gidan dutse ne a Summerfield, can bayan garin.

Gidan ƙarami ne, amma an yi masa hasumiya da ƙofar ƙarfe irin ta fadar sarakunan Turai. Wani mai masaƙa ne ya gina shi, bayan ya leƙa Turai ya dawo da labarin wai kakanninsa masu sarauta ne a can. Ba wanda ya ce ya kawo shaida. Ɗansa ya ƙara barga ya zuba dawaki, ya kuma sayar da su ɗaya bayan ɗaya, har gida ya gangaro kan jikar mai masaƙar, Roseline, tsohuwa 'yar shekara tamanin da ba ta da kowa sai hotunan bango. Ita ta ɗauki Muntari yankan ciyawa da gyare-gyare.

Shi kam bai ɗauki sarautar da wasa ba. Takalmi yake cirewa a bakin ƙofa, ya rusuna ya gaishe ta. Ta hana, ta hana, ta gaji ta ƙyale shi. Ai ya san irin gidan nan. Ubansa dagaci ne a wani ƙauye gabas da Kano, gidansu soron ƙasa ne mai zankwaye huɗu, ginin kakansa. Gidan ƙasa kuwa ba ya yafe mantuwa, duk bazara sai an yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauko. Tun da uban ya rasu sarauta ta koma wani gida, soron ya zama ba kowa ciki sai jemagu, kuma Muntari ne kaɗai namijin da ya rage.

Ƙanwarsa Hanifa, da ke aure a Gusau, duk shekara wasiƙarta ɗaya ce. "Yaya, na sa an shafa, amma aikin wanda ba gidan ubansa ba ne sama-sama yake yi. Ka zo ka tsaya a kai."

Ya tafi ta yaya? Bizarsa ta ƙare tuni, in ya fita ya fita ke nan. Sai ya rubuta mata, baɗi in sha Allahu. Ya haɗa jaka, ya kwance, ya sake haɗawa. Abin yana cinsa ƙwarai, ko abinci ba ya iya zama ya ci sai a tsaye.

A bazarar 1997 ya ga tsaga a gindin hasumiya, wadda ko yatsa ba zai shiga ba. Ƙasar wajen kuwa ja ce jawur, irin ta gida. Bai yi shawara da kowa ba, ya haƙo ta baro uku, ya zuba ruwa da busasshiyar ciyawar barga, ya naɗe wando ya shiga tattakawa. Kafin azahar ya yaɓe tsagar, ya wuce ta, ya ci rabin bango yana lailayawa da tafin hannu. Shekaru ke nan bai ji sanyi a ransa irin na ranar ba.

Roseline ta fito tana dogara sanda, ta tsaya baki buɗe.

"Muntari, me ka yi wa gidan kakana?"

"Yaɓe ne, Mama. Don kada ruwa ya ci shi."

Dariya ta yi har da tari. "Dutse ne fa. Ko na mutu gobe, ko ba kowa, haka zai tsaya shekara ɗari uku. Ba ya bukatarka, ni ma ba ya bukatata."

Ya dubi hannuwansa da suka yi jawur.

"Naku fa?" ta ce. "Shekara nawa yake yi in ba a taɓa shi ba?"

"Uku. In ya daure, huɗu."

"Kai kuma shekararka nawa a nan?"

Ya lissafa a ransa, shida ke nan. Kwana biyu aka yi ruwa, ya wanke yaɓen tas, dutse ya fito fes kamar ba a taɓa shi ba. A makon ya sayi tikiti, ya rusuna ya yi wa tsohuwa sallama, wannan karon jakar ba ta kwance ba.

Ya isa ƙauye ana saura kaɗan damina ta faɗi. Hanifa ce ta tarye shi a bakin hanya, ta kasa haɗa ido da shi.

"Yaya, tun bara soron ya zauna. Na rasa yadda zan rubuta maka."

Tudun jar ƙasa ne a wurin, azara ta leƙo nan da can, maƙwabta har sun share gefe za su shuka kuɓewa. Muntari ya taka zuwa inda ƙofar zaure take a da, ya tsaya, ya cire takalminsa.