Makon da Na Canza wa Kwamfutata Tsari

A ƙarshen wata damina ruwan kogin Rima ya ci gonata ta shinkafa a fadamar Zauro. Ni malamin makaranta ne, noman kuma gado na yi. Da labari ya zo mini na hau babur na tafi. Inda gonar take babu komai sai ruwa shimfiɗe, kan shinkafa na leƙowa jefi-jefi. Maƙwabcin gonata, wani dattijo, yana tsugune a bakin ruwan yana ta salati. Na tsaya kusa da shi na yi abin da yake yi, amma bakina kawai ke motsi. Na jira in ji wani abu a ƙirjina, ban ji ba. Na koma gida Gwadangaji, a gefen Birnin Kebbi.

Matata ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Malam, yaya gonar?"

"Ruwa sun ci," na ce.

Ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ni kuwa na wanke hannu na ci tuwon da ta ajiye mini, na cinye tas.

Washegari da hantsi abokin aikina ya zo yi mini jaje. Mutumin Filato ne, Kirista, shi ke koyar da lissafi a makarantarmu, kuma ya daɗe a Birnin Kebbi har Hausarsa ta koma irin tamu. Muka zauna a zaure. Bayan ya ce Allah ya mayar da alheri na amsa, sai magana ta ƙare. Tsohuwar kwamfutata ta hannu tana kan tabarma a buɗe, tun safe na kunna ta ba ta gama tashi ba. Watanni ke nan tana nuna mini saƙo cewa ta tsufa, kamfanin da ya yi tsarin da ke cikinta ya daina kula da irinta.

"Har yanzu kana hwama da wagga?" ya tambaya.

"Ina hwama."

Ya zaro filashi, 'yar na'urar ajiyar bayanai, daga aljihu. Ya ce akwai wani tsari a ciki, kyauta ne, mutane daga ƙasashe da yawa suka haɗu suka gina shi, kowa na iya dubawa ya ga yadda aka yi shi, kuma tsofaffin kwamfutoci na jin daɗinsa. Ya ce ba sai yau ba.

"Sa shi yanzu," na ce.

Ya kwashe takarduna da hotunan yara ya zuba a wani filashin. Can allon ya kawo tambaya, ko a share duk abin da ke ciki. Ya janye hannunsa.

"Malam, in ka danna nan babu komawa."

Na danna. Shekara tara nake aiki da tsohon tsarin, na san kowane lungu nasa, amma ban ji komai ba. Wani siririn layi ya fara tafiya a allon daga hagu zuwa dama. Na zuba masa ido har ya kai ƙarshe. Abokina ya sha ruwa, ya yi sallama ya tafi.

Muna cikin hutu, don haka kwana huɗu na yi a zauren nan, ban fita ba sai masallaci. Kwamfutar tana tashi kafin in gyara zama. Komai ya canza wuri. Na nemo manhajar rubutu na buɗe tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wasu layukan sun karkace, na bi su ɗaya bayan ɗaya na miƙe. Na gano inda ake zaɓar madannin Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa ba tare da wahalar da na saba sha ba. Na cika shafi guda da su, sannan na goge.

Firinta, na'urar buga takardu, ita ce ta ƙi. Na yini biyu a kanta, ina karanta bayanan da wasu mutane da ban sani ba suka rubuta a intanet, ina kwafar umarnin da ban fahimta ba ina sakawa. Masu zuwa jaje suna shigowa, in amsa musu idona na kan allo. Ranar Laraba bayan la'asar sai firintar ta yi ƙara ta turo takarda mai layuka masu launi. Na riƙe takardar na duba gaba da baya, na ajiye.

Matata ta leƙo ta labule.

"Malam, tun ranar ba ka ce komai ba."

"Mi zan ce?"

Ta saki labulen.

Ranar Alhamis yayana ya kira daga Argungu. Shi ma ruwan ya taɓa shi, amma gonarsa ta tudu ta tsira.

"Ka taho gobe bayan Juma'a," ya ce. "Na aje maka iri na rani. Ruwan ga za su janye."

Na ce to.

Na je. Ya fito da buhun irin daga rumbu, ya kwance bakinsa ya ɗebo a tafin hannu ya nuna mini, yana ta bayanin kwana nawa yake yi kafin ya nuna. Na gyaɗa kai. Matarsa ta kawo mana tuwo da miyar kifi, yana ci yana ba ni labarin waɗanda suka fi ni asara. Da yamma ya raka ni tasha, shi da kansa ya ɗora buhun a bayan mota. Na samu wuri kusa da taga. Kafin mu fita daga gari barci ya ɗauke ni, sai da direba ya taɓa kafaɗata a Birnin Kebbi na farka.