Wuyan Goggo

Duk Anguwan Rogo sun ce girman kai ne da Goggo, wai don in ka kira ta ba ta waiwayowa, sai dai ta juyo da jikinta gaba ɗaya, a hankali. Ba su san komai ba. Ni ma da bakina na faɗa, har yau kuwa ina jin kunya.

Goggo ƙanwar babana ce. Tun rasuwar mijinta take ɗaukar ƙasa a ramin kuza, da kwanon sarki a ka. Ni kuwa na dawo hutu ne daga makarantar kwana, inda kowace safiya malamarmu Baturiya ke busa usur mu yi layi, mu miƙe hannu, mu juya wuya, mu yi tsalle. Ni ce ta ɗaya a tsere, ina ganin ba mai ƙarfina.

Ran nan zazzaɓi ya kwantar da Goggo. Heluma, shugaban leburori, ba ya jiran kowa. Kwana biyu ba ka zo ba, ya ba wani gurbinka. Na ce ni zan je.

"Ke? Da wannan rawar usur ɗin taku?"

"Haba Goggo, ƙasa ce fa, ba dutse ba."

Ta miƙo mini gammonta kawai.

A bakin rami heluma ya dube ni sama da ƙasa. "Malama, kujera za a kawo miki ko alli?" Mata suka kwashe da dariya. Da aka ɗora mini kwanon farko, cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na ji wuyana ya nutse cikin ƙirjina. Tsofaffi suna wuce ni a hawa, suna hira abinsu. Kafin azahar na zube sau biyu.

Wani ya kira ni daga baya, na waiga da kaya a ka. Wani zafi ya tsarga mini har gadon baya. Wata dattijuwa ta riƙe ni.

"Yarinya, kar ki juya wuya! Juya da jiki duka."

Na tsaya ina kallonsu. Duk tsofaffin ramin haka suke juyawa, har waɗanda suka sauke kaya. Irin juyin Goggo sak.

Ina isa gida na tsaya ta gefenta. "Goggo, dube ni, amma kar ki motsa kafaɗa."

Ta gwada. Idonta kaɗai ya zo.

"Innalillahi! Tun yaushe?"

"Ya daɗe, 'yar nan. Ai ba ya ciwo sai da sanyi."

"A Jos? Yaushe ne babu sanyi?"

Na zame ɗankwalinta, tsakar kanta ba gashi ko ɗaya. Wannan ce matar da ake cewa aiki ya gina ta. Ya gina ta kam, ya kuma kulle ta, mu muna zaginta a kai.

Na ce gobe zan koma rami, gurbinta ba zai tafi ba. Amma kullum kafin in fita za ta zauna in riƙe mata haɓa, mu juya wuyan nan kaɗan-kaɗan yadda aka koya mana, har hutuna ya ƙare.

"Rawar usur?"

"Ita fa."

"To a bayan ɗaki. Kar maƙwabta su gani."