Cokalin da Aka Miƙa wa Malam

Da wace fuska suka ɗauki makararsa? Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, har yau ban samu amsar wannan tambaya ba. Ina cikin ɗaki a ranar, amma an faɗa mini har turereniya aka yi, kowa yana son ya sa kafaɗa ya samu lada. Mutanen da suka shekara bakwai suna kauce masa a hanya, su ne a gaba.

Ban yi karatu ba, ban iya riƙe alƙalami ba. 'Yata Rabi ce take rubutawa, ni ina faɗa ina kuka, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana don ta yi wa wani daɗi. Sunansa ba zan faɗa ba, ban taɓa kiransa ba yana raye. Malam nake ce masa.

Dillalin tumaki da awaki ne a nan Daura. Yana zuwa Mashi, yana zuwa Sandamu, ko'ina an san shi. Sana'ar dillali magana ce. Idan ya ce ragon nan lafiyarsa ƙalau, to shi ke nan, ba sai an buɗe bakin rago ba. Da wannan ya ciyar da mu.

Abin ya fara ne da ɗan farin tabo a bayan yatsunsa, kamar an ɗiga masa nono. Daga nan ya hau hannuwa, ya kama gefen baki da kewayen ido. Ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Ya shiga mota ya je asibiti a Katsina, likita ya ce masa albaras ne, launin fata ne kawai yake gushewa, ba kuturta ba ce, ba a ɗauka, ba ya kisa. Ya dawo da takarda yana murna kamar an yi masa haihuwa.

To amma unguwarmu tana da nata likitocin. Wasu suka ce ya haɗa kifi da nono. Waɗanda suka fi mugunta suka ce rantsuwar ƙarya ya yi a kan ciniki, Allah ya tona shi a fuska. Ku duba, dillali a ce ya yi rantsuwar ƙarya. Wa zai sake ba shi akuyarsa?

Duk wannan ya daure. Ciyayya ce ta karya shi. A layinmu, bayan sallar magariba, magidanta sukan zauna a ƙofar gidan Alhaji Idi mai shanu, kowane gida a fito da kwano, a ci na wannan a koma na wancan, hannu duka a ciki. Alhaji Idi abokinsa ne tun suna kiwo tare. Shekara fiye da ashirin tuwona yana zuwa wurin nan, kuma ba yabon kai ba, kwanona ne yake fara ƙarewa.

Ranar da Malam ya kai musu takardar likita, ba wanda ya karɓa. Alhaji Idi ya ce, "Ajiye nan kan tabarma, Malam, ai mun yarda." Da aka buɗe tuwo, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro cokali ya miƙa masa. "Ga wannan, abokina, ka ga zamani ya zo, manya da shi suke ci." Aka yi dariya. Tuwon dawa da miyar kuka, a ci da cokali! Daga cikin gida ya fito da shi a aljihu, wato tun da rana ya shirya.

Ni ban san an yi haka ba sai daga baya. Malam ya ci gaba da fita da kwano, yana dawo mini da shi wayam, ina jin daɗi. Kusan wata biyu. Wata safiya na je ba tumaki dusa, na ga busasshiyar miyar kuka a jikin komi. Ashe zagayawa yake yi ta bayan gida ya juye musu, ya zauna wurinsu har lokacin tashi daga ciyayya ya yi, sannan ya shigo ta zaure yana gyaran murya.

Na tare shi. "Malam, tumaki ne abokan cinka yanzu?"

Ya ce, "Su dai ba su ba ni cokali ba, Ladi." Ya so ya yi dariya, ta ƙi fitowa.

Daga nan na ga mutum yana raguwa a gabana. Ya daina zuwa kasuwa. Ya sa aka ɗinka masa riguna masu dogon hannu, da zafin bazara yake naɗe rawani har hanci. Masallaci sai an tada salla yake shiga, ya tsaya a ƙarshen sahu, yana sallamewa ya fito don kada ya sa wani cikin wahalar gaisawa. Madubin ɗakina ya juya shi ya kalli bango. Mutumin da muryarsa take cika kasuwa ya koma yini guda bai ce uffan ba. Da aka haifi ɗan Rabi na fari, aka miƙa masa, ya ɓoye hannuwansa a riga ya yi addu'a daga nesa. Ya san abin da likita ya faɗa. Amma maganar unguwa ta riga ta fi ta likita ƙarfi a zuciyarsa.

Ina da nawa laifin. Ban taɓa fita na tsaya a ƙofar gidan Alhaji Idi na faɗa musu abin da suke ba. Na ce mace ba ta shiga maganar maza. Yau ga shi ina faɗa a jarida, lokacin da ba zai amfane shi ba.

Da Malam zai leƙo Daura yau, ban san me zai ce ba. 'Ya'yan waɗanda suka ƙi shi da jikokinsu, su ne suke sayen man bilicin da tsada, fuska ta yi fari fat, gwiwa da yatsu baƙi ƙirin, su fito biki a yi ta yaba su. Farin da Allah ya sa wa mijina la'ana ce, wanda aka sayo a kwalba kwalliya ce. Alhaji Idi kuwa yana nan, ya tsufa, ya ƙara zuwa Makka. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin amininsa marigayi, mutum mai haƙuri. I, mai haƙuri. Kai ka fi kowa sani, kai ka gwada shi.

Kuma kada wani ya ce mini an waye. Akwai wata matar aure a bayan layinmu da abin ya fito mata a wuya da hannu. Awara take yi a da, yanzu ba mai saye. Duk ranar Juma'a nakan dogara sandata in je gidanta, in ce ta zuba mana a kwano ɗaya. Abin da ya rage mini in yi wa Malam ke nan. Bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Ya bar ni da sanin mutane, kuma ban gode wa wannan gado ba.

Hawan jini ne ya kwantar da shi a ƙarshe, kwana tara. Ranar ta ƙarshe, bayan la'asar, ina zaune a bakin gadonsa, na jawo hannunsa daga cikin riga na riƙe da hannuwana biyu. Rabon da ya bari a taɓa shi har na manta. Ya lumshe ido, na ji yatsunsa sun ɗan matse nawa. Sai muka ji sallamar mata a tsakar gida, maƙwabta sun zo dubiya, takunsu yana matso ƙofar ɗaki. Ya buɗe ido, ya fara janye hannun da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Na ƙi saki.

Ya ce, "Saki, Ladi, kada su gani. Ke za ki zauna da su bayana."