Takardun Akori-kurar Baba

Ranar da aka yi rasuwar Baban Argungu, Allah ya gafarta mini, ban gama salati ba mota ta faɗo mini a rai. Aminin mahaifina ne tun suna samari, shi ya sa muke kiransa haka. A hannunsa Baba ya sayi tsohuwar akori-kurar da muke kwaso shinkafa da ita daga fadamar Zauro. An yi cinikin ne a zaure, aka yi musabaha, aka ce Allah ya sa albarka, shi ke nan. Babu wanda ya sa hannu a ko'ina, kuma takardun motar suka ci gaba da ɗauke da sunan Baban Argungu.

Na yi magana har bakina ya gaji. Duk shekara in zan je sabunta takardu sai na ce wa Baba mu canza suna, shi kuwa sai ya dube ni kamar na zage shi. Wai ta yaya zai kai wa amininsa takarda ya ce sa hannu, sai ka ce bai yarda da shi ba? Kunya ce fa kawai, kunyar da ta kusa raba mu da abincinmu.

Bayan sadakar arba'in babban ɗan marigayin ya aiko cewa za a zauna lissafin gado, kuma sun ga mota cikin abin da ke da sunan mahaifinsu. Bai ce tasu ce ba, bai kuma ce tamu ce ba. Wannan shirun ne ya hana ni sukuni. Shaidun cinikin biyu ne, ɗaya ya riga mu gidan gaskiya, ɗayan tsufa ya cinye shi har ba ya gane 'ya'yansa. Ga girbi ya ƙarato. In motar ta shiga gado, ban san da me za mu fitar da shinkafarmu ba kafin ta lalace a gona.

Ni na tuƙa mu daga Gwadangaji zuwa Argungu, a cikin motar da ake magana a kanta. Duk hanya ina tsara wa Baba abin da zai faɗa, shi yana jan carbi yana kallon gonaki. Wallahi ji nake kamar in tsaya in yi ihu.

A zauren nan dai da aka yi cinikin aka shimfiɗa tabarmi. Malamin da zai raba gado ya tambayi Baba ko yana da hujja. Na zuba wa Baba ido. Sai ya ce shi bai zo jayayya da marayu ba, abin da suka gani shi ne daidai. Na buɗe baki zan yi magana, ya dafa gwiwata, dole na haɗiye.

Can sai muka ji muryar Hajiya, matar marigayin, daga bayan labulen ƙofar cikin gida. Tana cikin takaba, ba ta fitowa.

"Malam, motar ga ba tamu ba ce. Ranar da anka sai da ita ni na dafa musu abinci. Kada a sa ma 'ya'yana haram cikin gado."

Babban ɗan ya sunkuyar da kai, ya ce dama kunyar tambaya ce ta hana shi magana, shi ma bai san yadda zai fara ba. Na ce a raina, ga wani kuma.

Sauran aikin ni na yi shi, kuma ban bari ya huce ba. Aka rubuta yarjejeniya, magada suka sa hannu, muka yi rantsuwa a kotu, sannan na ja Baba zuwa ofishin lasisi a Birnin Kebbi. Ko a kan benci ban daina fargaba ba, gani nake za a ce wani abu bai cika ba mu koma. Da ma'aikacin ya miƙo sabuwar takarda da sunan Baba a kai, na sauke ajiyar zuciya, na juya in yi masa barka.

Bai ko kalle ta ba. Idonsa na kan tsohuwar, wadda ma'aikacin ke shirin jefawa cikin fayil.

"Ɗana, don Allah ba ni waccan."

Ma'aikacin ya ce ai ta daina aiki, Alhaji.

"Na sani. Sunanshi na ciki."

Mutumin ya ɗauki hotonta ya ajiye, ya miƙo masa ta ainihin. Baba ya ninke ta a hankali ya sa a aljihun gaban rigarsa. Sabuwar kuwa ni ya bar wa, har yau bai taɓa tambayata inda na ajiye ta ba.