Rana ta Arba'in da Ɗaya

Ƙasimu ɗana ne na fari. An haife shi a Birnin Kudu a 1953, sanƙarau ya ɗauke shi a watan Afrilu na 1980. Wannan na sani sarai. Aikinsa ne ban sani ba, ga shi ofishinsu sun aiko wai in rubuta musu layi biyu a kan rayuwarsa da aikinsa.

Ni malamin lissafi ne, da girmana na yi digiri. Da Ƙasimu ya ce ilimin zamantakewa zai karanta a jami'a, na tambaye shi me ake zama da shi. Ya ce ana koyon yadda mutane suke zaune da juna. Na ce ai kakarsa ta san wannan, kuma ba ta taɓa riƙe alli ba. Ya yi dariya, ya ce to da ita zai fara.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a ya kawo mini kundin bincikensa in duba. A kan zaman makoki ne a Fagam. Ya bi gidaje goma sha biyu yana rubuta yawan masu zuwa gaisuwa: ranar farko, ranar uku, ranar bakwai, ranar sadakar arba'in. Sai ga wani layi a ƙarshe, rana ta arba'in da ɗaya, ba komai a cikinsa sai sifiri goma sha biyu. Na sa jan biro na rubuta "a cire", don layin da babu komai ba ya faɗar komai.

Lokacin kuɗin man fetur ya fito, abokansa suna shiga ma'aikatu a Kano ana ba su mota. Shi ya roƙa a tura shi Gwaram a matsayin jami'in jin daɗin jama'a, aka ba shi babur. In an tambaye ni a masallaci sai in ce yana gwamnati. Mahaifiyarsa, Hapsatu, cewa take likita ne. Ya sha gyara mata: ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya, ba ya rubutun sha. To me yake yi? Wai zama yake da mutane.

Da ya rasu aka cika gidana. Kowa ya ce in yi haƙuri, na ce haƙuri ya zama dole. Ranar arba'in aka yi sadaka aka watse. Washegari da hantsi ina zaune a zaure da takardar ofishin a gabana, wani dattijo ya yi sallama. Ya ce sunansa Haladu, mai kiwo ne daga Zandam.

"Malam, gaisuwa na yi ta tun ranar uku, ba ka gane ni ba," in ji shi. "Yau zama na zo."

Ya ce shekara biyu da suka wuce 'yarsa Zahara'u ta rasu wajen haihuwa. Da aka watse ya daina magana, ya daina bin shanu, har 'yan'uwa suka fara zancen sa shi a turu kamar mahaukaci. Sai ga Ƙasimu a kan babur, rana ta arba'in da ɗaya. Bai ce a yi haƙuri ba. Ya zauna, can ya tambaye shi da wane suna Zahara'u take kiransa. Ya yi wata huɗu yana zuwa duk Talata.

Haladu ya kalli bango. Can ya ce, "Me Ƙasimu yake yi da ke ba ka haushi?"

Na ce ba ya taɓa rufe biro. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai kiran azahar na ji, ina ta magana.

Da ya tafi na ɗauko kundin da aka ɗaure na jami'a. Layin yana nan, bai cire ba. Har yanzu ban san ko malamansa ne suka koya masa wannan ba, ko kakarsa, ko kuwa sifirin nan goma sha biyu. Ban ma san sunan aikin ba. Na rubuta wa ofishin cewa yana zuwa ne bayan kowa ya tafi. Ban sani ba ko zai shiga fayil.

Ranar Talata na shimfiɗa tabarma biyu a zaure tun da safe.