Sunan Da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Na sauka Gumel da kyamarar aro da girman kai wanda nawa ne na kaina. Shekara biyu ina ɗaukar bidiyon biki a Kano, na gaji da amare masu kukan ƙarya, sai na ƙudura zan yi fim na gaskiya a kan asalin gidanmu. Wadda zan ɗauka ita ce kakata, mahaifiyar babana. Ta haura tamanin, haƙoranta uku, amma duk unguwar ba mai iya ja da bakinta.

Na kafa kyamarar a tsakar gida. Ta dube ta sama da ƙasa, sannan ta dube ni. Ango take kirana, irin wasan kaka da jika.

"Ango, wannan abu mai ido ɗaya shi ne sana'ar? Wasu sun haifi likitoci, ɗana ya haifi mai leƙe."

Duk da haka ta zauna, ta ɗora faifan wake a cinya, tana tsinta tana ba da labari. Ta ce ta taso ta tarar Turawa sun raba ƙasa, gonar babanta tana Ingila, rijiyarsu tana Faransa. Bayan ta yi aure aikin dolen Faransa ya ishi kakana, suka tsallako Maigatari a ƙafa.

"Da jaki ɗaya, da tukunya, da yaron nan a bayana. Kafin damina ta faɗi ƙyanda ta ɗauke shi."

Ban taɓa jin labarin wannan yaro ba. Na matso da kyamara kamar wani babban ɗan jarida, na ce, "Kaka, yaya sunansa?"

Gwaggona da ke wanke-wanke ta tuntsire da dariya. "Kano ta cinye maka kunya? Wace uwa ce ke faɗin sunan ɗan fari?"

Na san al'adar, na dai ɗauka mutuwa tana sassauta ta. Na tambayi babana, bai sani ba. Gwaggo ma ba ta sani ba, kakana kuwa ya daɗe a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na gane duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san sunan nan, kuma ranar da ta tafi yaron zai zama kamar ba a taɓa haifar sa ba.

Kwana uku ina lallashi. Na kashe kyamara, na kawo goro, na yi fushi, ta cinye goron ta bar ni da fushin. A rana ta huɗu ta ce, "Ka ishe ni. Sunansa sunan marinin nan na gindin tsamiya a kasuwar Maigatari."

"Marinin yanzu?"

"Na lokacin da muka zo mana."

Na tafi Maigatari. Tsamiya babu, mai shayi ne a wurin. Wani tsoho ya ba ni suna, ya tura ni Sule Tankarkar wajen jikan marinin. Shi kuma ya rantse ba haka ba ne, ya ba ni wani, ya ce in ina musu in tambayi gwaggonsa a Gagarawa. Ita ta ƙaryata su duka biyun, ta ba ni na uku. Na dawo da sunaye uku da ciwon baya.

Na kunna kyamara, na ce, "Kaka, zan faɗi sunaye. Ba sai kin ce komai ba."

Na faɗi na farko. Ta ce, "Wannan ai ɓarawon awaki ne." Na faɗi na biyu, ta yi tsaki ta ci gaba da tsintar wake.

Na faɗi na uku. Hannunta ya tsaya a cikin faifan. Ta jawo mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango, kamar yarinya mai jegon fari da aka ambaci jaririnta gaban surukai. Wake ya zube a tabarma, ba wanda ya tashi kwashewa. Kunya ta kama ni, amma ban kashe kyamarar ba.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya fara tafiya fa. Yana kama zanena."

Abokina mai haɗa hoto ya ce in yanke wurin, wai ba mai zama kallon bayan tsohuwa. Na bar shi duka. Abin da na goge kawai muryata ce, daidai inda na faɗi sunan.