Ashirin da Takwas ɗin da Ta Ƙi Shiga Wili

Ashirin da takwas fa aka rubuta a jikinta! Na karanta da idona, na bi lambar da yatsa, na sake karantawa, sannan na ce wa mai kayan ya ɗaure mini ita. Tayar keke nake nufi, sabuwa fil, siririya, gefenta ja-ja kamar jemammiyar fata. Ina riƙe da ita a kasuwar bakin iyakar Dahome, can gaba da Kaoje, zuciyata tana faɗa mini an gama tsere tun ba a fara ba.

Af, na manta ban gaya muku tseren ba. Shekarar da aka samu mulkin kai, aka yi shela a Bagudo cewa cikin wasannin murna har da tseren keke a filin makaranta. Amma ba irin na a tashi gaba ɗaya ba. Garwar kananzir goma sha biyu za a jera a karkace, mutum ya shiga shi kaɗai ya yi ta kewaya su, hedimasta yana duba agogo. Wanda ya ture garwa a ƙara masa lokaci. Rabin filin tsandauri ne, ƙasa mai tauri kamar daɓe, rabin kuma rairayi ne da ke haɗiye ƙafa.

Ni kuwa keke ya shiga raina tun kafin in mallaki ko fedarsa. Ba wanda ya koya mini. Keken yayana, wanda yake malamin gona, shi nake kwancewa in mayar duk ranar da ya yi nisa da gida, har na san kowane noti da inda yake zama. Da na roƙe shi aron keken, sai ya nuna mini tayar gaba da ta tsage har tif, wato robar ciki mai riƙe iska, yana leƙowa.

"Ka samo taya ka hau," ya ce. "In ba ka samo ba, ka yi kallo kamar kowa."

To, nan ruɗanin ya fara. Na je wurin Baba mai faci, tsohon da ke gyaran keke a gindin tsamiyar kasuwa, ya ce in nemi mai faɗi in cika ta da iska har ta yi kamar dutse. Wani direban lori da ke zaune a bencinsa ya ce ƙarya ne, siririya ita ke yanka ƙasa, kuma siririya sai ƙasar Faransi, wato Dahome. Wani mai fataucin kifi da ke zuwa daga Kaoje kan keke ya yi musu dariya su duka, ya ce faɗi ko siranta ba su ne magana ba, a rairayi rage iska ake yi. Kowannensu ya rantse. Na koma gida kaina yana juyawa. Na zaɓi maganar direba, don kawai shi ya fi su ɗaga murya, kuma ya taɓa zuwa Ikko.

Kwana biyu na yi a hanya tare da fatake, har da ƙetare kogin Kwara a jirgin ruwa. Mai tayar Badande ne daga Dahome, Hausarsa a karye amma bakinsa da kaifi. Na nuna masa lambar da na kwafo a takarda daga tsohuwar tayar: ashirin da takwas, sai ɗaya da rabi. Ya nuna mini tasa: ashirin da takwas, sai ɗaya da wasu ƙananan lambobi, biyar a kan takwas. A ɗaya gefen kuma an rubuta ɗari bakwai.

"Wannan ɗari bakwai ɗin fa?" na tambaye shi.

"Awon Faransi ne, samari. Kai dai ba ashirin da takwas kake so ba? Ga ta. Mu mun riga ku samun mulkin kai, tayarmu ma sai ta riga taku isa."

Na yi dariya, na rataya ta a wuya, na kamo hanya.

Na iso Bagudo saura kwana ɗaya tsere. Ko hutawa ban yi ba sai da na turo keken zuwa gindin tsamiya. Muka cire tsohuwar tayar, Baba ya ce in bar masa ita ya riƙa yankan faci, na ce ya ɗauka, me zan yi da ita? Nan take ya sa wuƙa ya raba ta huɗu.

Sai muka ɗora sabuwar a kan wili, wato ƙarfen da taya ke zama a kai. Gefe ɗaya ya fara shiga, ya zo kusan ƙarshe, ya tsaya. Saura kamar taki ɗaya. Muka juya ta, muka fara daga wani wurin. Taki ɗayan nan dai.

"Yaro, mi kas sayo muna?" in ji Baba.

"Ashirin da takwas, Baba. Duba ka gani."

Ya ɗauko guntun tsohuwar, ya kara su. Ashirin da takwas nan, ashirin da takwas can. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"Awo, lamba guda ta. Amma wagga ta hi ƙanƙanta."

"To ta yaya? Biyar bisa takwas ai ya fi rabi. Kamata ya yi ta fi girma!"

"Ni kaka tambaya? Ni na haihi Bature?"

Muka shanya ta a rana ta yi laushi. Muka shafe bakinta da man kaɗe. Muka sa cokulan gyara uku, ni ina danna ɗaya, Baba ɗaya, direban nan da ya ba ni shawarar yana danna na uku yana cewa wilin ne ya karkace. Ana cikin haka taubashiyata, ɗiyar kawuna da ke sayar da soyayyen kifi, ta tsaya da tirenta a kai.

"Sannu, zakaran tsere! Kwana huɗu kat tahi, ashe awarwaro kas sayo wa keke?"

"Wuce ki ba ni wuri."

"In ba ta shiga ba ka ba ni, in yi gammo da ita."

Mutane suka kwashe da dariya. Ni kuwa hawaye ne ya cika mini ido, don na duba tsohuwar tayar a yanke gida huɗu, kuma na san duk garin babu mai ba da aron tayar kekensa ana gobe biki. Haushi ya sa na hau cokalin da ƙafa, na sake masa nauyina duka. Sai muka ji ƙas! Wayar da ke cikin bakin tayar ta tsinke. Tayar ta faɗa cikin wili salin alin.

Na ce shi ke nan, na kashe ta. Baba ya shafa wurin da wayar ta tsinke.

"Ta dai shiga," ya ce. "Kawo tsirkiya."

Aka kawo masa siraran igiyoyin fata, ya naɗe tayar da wilin a wurin da wayar ta tsinke, ɗauri biyar. Ya cire birkin gaba, don zai riƙa cin igiyoyin. Da muka zo ba ta iska, famfo goma kawai ya yi ya tsaya, ya ce in an ƙara ɗaya tif zai fito ya gaishe mu. Haka na tashi da siririyar taya irin ta direba, da iska kaɗan irin ta mai kifi, ta baya kuma mai faɗi ce cike tam irin ta Baba. Shawarar mutum uku a kan keke ɗaya.

Da safe yayana ya zagaya keken sau biyu, ya matsa tayar da babban yatsa.

"Wannan taya ce ko kilishi?"

"Taya ka ce in samo, Yaya. Ba ka ce wace iri ba."

Ya yi tsaki, amma ya sakar mini kan keken.

Mu tara muka shiga, ni ne na shida. Da aka busa usur na taka feda, igiyoyin nan suna bugun ƙarfe, tas, tas, tas, duk filin ana ji. A tsandauri gaban keken ya yi ta lilo kamar zai ƙwace mini, na ture garwa ɗaya. Sai na faɗa rairayi, inda mutum uku kafin ni suka kife. Wallahi tayar nan ta kama ƙasa kamar da hannu! Ta baya ce ma ke zamewa, mai faɗin, irin wadda Baba ya ce in nema. Na kewaye garwa shida ban sa ƙafa a ƙasa ba. Da na zo ƙarshe na matsa birkin gaba, na manta babu shi, na wuce hedimasta na shige cikin dogarai.

Na uku na zo. Ina tsaye ana yi mini barka, keken yana jingine da bango, ba wanda ya taɓa shi, sai fau! Tayar ta fashe.

Har yau ban gane ba. Sirantar ce ta taimake ni ko ƙarancin iskar? Da wayar ba ta tsinke ba, da na cika ta tam, shin da na zo na ɗaya ko da na kife? Na ɗauki guntun tayoyin nan biyu na kai wa malamin lissafi na makaranta, ya auna da rula, ya ce lalle ba ɗaya ba ne, amma dalilin ba ya cikin littafinsa. Baba ya ce kamar mudun Kamba ne da na Bagudo, sunan ɗaya, cikin daban. To amma mudu ai ana ganin bambancinsa da ido kafin a auna hatsi.

Ku da kuke zaune bakin iyaka, Kamba ko Illo ko wani wuri, akwai wanda ya taɓa sayen tayar Faransi ta shiga wilin Ingilishi lafiya lau? Wace lamba ce a jikinta, kuma ɗari bakwai ɗin nan me ake aunawa da shi? Masu tsere a rairayi kuma, famfo nawa kuke yi wa ta gaba? Don Allah ku faɗa mini yadda taku ta kasance.